Fok ɗin Keken Malam Salihu

Akwai wani mai gyaran keke a Birnin Kudu ana ce masa Jafaru. Hannunsa na da kyau, amma ba ya son a gyara masa magana. Rumfarsa na jingine da ta Baba Barnabas, dattijon da ya shekara talatin a sana'ar. Ko gaisawa ba sa yi, domin Jafaru na yaɗa cewa idon tsohon ya mutu.

Wata Laraba Malam Salihu ya zo daga Zandam da keken tsere na ƙarfe, irin na da, siriri mai lanƙwasasshen kai. Na yayansa ne da ya rasu. Jikin keken lafiya lau, sai dai fok ɗin, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, ya karye.

"Shi kaɗai ya rage mini na Yaya," in ji Malam Salihu. "A samo wanda ya dace da shi."

Jafaru ya zaro wani fok mai ƙyalli. Ya gwada, sai ya ga wuyansa ya gaza da kusan yatsa biyu. Ya san abin da ya kamata: a aika Kano a nemo mai tsawon da ya dace. Amma ya riga ya cika baki cewa gobe za a karɓa. Sai ya yanko guntun bututu ya kai aka yi masa walda a wuyan, ya cusa cikin jikin keken inda ido ba ya gani.

Baba Barnabas yana kallo.

Washegari Malam Salihu ya ɗora ƙafa zai hau, sai dattijon ya taso.

"Malam, kada ka hau keken nan. An yi wa wuyan fok ɗin ƙari."

Jafaru ya yi tsalle ya miƙe. "Ƙarya kake yi! Hassada ce ke cin ka, tsohon banza. Kwana nawa rabonka da ciniki?"

"To kwance a gani."

"Ba zan kwance aikina don makaho ba!"

Masu acaɓa da masu shago suka taru. Ran Baba Barnabas ya ɓaci.

"In ka yarda da aikinka, hau da kanka. Ka gangara hanyar Gwaram da gudu ka dawo."

Jafaru ya fi kowa sanin siririyar waldar da ke ciki. Kalma ɗaya ce za ta fitar da shi, ya ce haka ne, na yi ƙari. Ya dubi taron, ya ga masu murmushi. Sai ya fizge keken daga hannun mai shi.

Ya taka da ƙarfi don kowa ya gani. A gangaren, tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami. Aka ji ƙas! Kan keken ya rabu da tayar, Jafaru ya kifa da fuska a kan kwalta.

Haƙora uku suka zube, hannun dama ya karye a wuyan hannu.

Malam Salihu bai ko dube shi ba. Ya tsuguna yana shafa jikin keken da ya goge. "Da ni ne fa? Da yanzu 'ya'yana ake yi wa jaje. Allah ya isa tsakanina da kai."

Baba Barnabas ne ya tare mota ya kai shi asibiti. Da aka gama ɗauri, ya tsaya a bakin gado, fuska ba walwala.

"Ka zo ka yi dariya ne?" in ji Jafaru da kumburarren baki.

"Na ce ka hau ne don ka ji tsoro ka faɗi gaskiya. Ban zaci za ka zaɓi kwalta ba. Wannan kuskurena ne, zan kwana da shi. Sauran naka ne."

Baba Barnabas ne ya karɓi gyaran keken. Mako uku ya jira kafin fok ɗin da ya dace ya iso daga Kano. Ranar da Malam Salihu ya hau ya nufi Zandam, Jafaru na zaune a rufaffiyar rumfarsa, hannu rataye a wuya. Hannun bai sake riƙe sifana da ƙarfi ba.

Darasi: Idan an nuna maka kuskure a aikinka, ka amsa tun yana ƙarami, ko da wanda ba ka so ne ya faɗa. Kunyar minti ɗaya ta fi sauƙi a kan raunin da za ka rayu da shi. Ku tura wa duk mai sana'ar da rayukan mutane ke hannunsa.