Cinikin Uwar Zare

Akwai wata mata da ake ce wa Uwar Zare. Ba saƙa take yi ba. Shekara goma sha shida ta yi a tsaye gaban injin ƙulla ganyen shayi, irin 'yan jakunkunan nan masu zare da 'yar takarda a jela, waɗanda kuke tsomawa a ruwan zafi ku ciro ku yar.

Ku kuna yarwa, ita kuwa ta san yadda ake haihuwar kowace ɗaya. Injin zai jawo farar takarda daga naɗi ya lanƙwasa ta, mazurari ya zubo ganye daidai awo, zare ya shigo ta gefe da 'yar takardarsa. Sai wasu ƙarafa biyu masu zafi su haɗu su liƙe jakar, wuƙa ta datse. Ma'aikata Baki suke kiran ƙarafan nan. Kafin ka ƙifta ido sun haɗu sun rabu.

Baki yana bayan wata ƙofar gilashi. Idan ƙofar na rufe, tana danne wani ɗan maɓalli. Ana buɗe ta maɓallin zai saki, inji ya mutu nan take. Tsohon mai kamfanin doka ɗaya ya kafa: in zare ya tsinke, a buɗe ƙofa, a bar inji ya mutu, sannan a sa hannu.

Uwar Zare mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya ya bar mata a gabanta, Auta, wadda ke jera jakunkuna a kwali a ɗaki guda da ita, ga goyon wata biyar. Matar nan ba ta da karatu, amma masu tumatir in suka hango ta sai su fara salati, saboda taurin cinikinta. Kullum almakashinta na rataye a wuya.

Da tsohon ya rasu, ɗansa ya gaji wurin. A gabanta ya girma, ta sha share masa majina, kowa Ƙarami yake ce masa. Ranar da ya hau kujera ya ce daga yau Manaja ne sunansa.

Abin da ya fara canzawa zare ne. Ya samo wani mai araha, yana ta fahariya da yadda ya matse dillali.

Uwar Zare ta ja zaren tsakanin yatsunta, ya rabu biyu. Ta ce, "Ƙarami, wannan zare ne ko saƙar gizo-gizo?"

"Manaja," ya gyara mata.

"To Manaja, an cuce ka. Ni ce uwar ciniki a nan, amma ba na sayen abin da zai sa ni kuka."

Bai saurare ta ba. Zaren da a da yakan wuni bai tsinke ba, yanzu kafin a cika kwali ɗaya ya tsinke sau huɗu. Kowane tsinkewa sai an buɗe ƙofa, inji ya mutu, a zura zare, a rufe, a jira Baki ya sake ɗaukar zafi.

Wata safiya wani babban otal ya aiko cewa motarsu za ta zo da yamma, in kaya ba su cika ba za su koma wani wurin. Manaja ya shigo yana huci. Ya tsaya yana kallon injin yana mutuwa yana tashi. Can sai ya yanko zaren, ya ninka shi da yawa, ya naɗe maɓallin nan tam, ya bar ƙofa a wangale. Inji ya ci gaba da gudu, Baki na haɗuwa yana rabuwa a fili.

Ya ce, "Shi ke nan. In ya tsinke ki cafko bakin zaren ki maƙala yana tafiya. Haka ake yi a manyan wurare."

Ta ce, "Ubanka bai taɓa sa ni haka ba."

"Ubana yana kabari, Inna. Tsoro kike ji ko tsufa ce ta zo?"

"Duka biyun. Yatsu goma na shigo da su, goma zan fita da su."

Direban kamfanin ya yi dariya daga bakin ƙofa. Dariyar nan ce ta ɓata komai. Manaja ya juya ya ce, "Auta, ajiye kwalin nan ki zo. Ke hannunki da sauri. In kuma ke ma ba za ki iya ba, ku kama hanya ku biyu."

Auta ta dubi uwarta, ta kwance goyo ta shimfiɗe shi a kan kwalaye, ta fara naɗe hannun riga. Mijinta ba ya aiki, ba ta da bakin musu.

Uwar Zare ta dubi yatsun 'yarta, ta dubi jaririn. Roƙo ba ta iya ba, ba ta taɓa yi ba. Abin da ta iya kawai shi ta yi.

Ta sha gaban Auta ta ce, "Tsaya mu yi ciniki, Manaja. Ka ce abu ne mai sauƙi. Cafko shi sau uku a gabanmu. In ka yi, ba Auta ba, ni da kaina zan kama sauran har yamma."

Manaja ya dubi direba, ya dubi mata masu jera kwali. Ya cire agogo ya sa a aljihu.

Zare ya tsinke. Ya zura hannu ya cafko ya maƙala. Ya ɗaga yatsa sama: "Ɗaya!"

Zaren ya sake tsinkewa. Manaja ya sake cafkowa, har da waiwayowa yana murmushi. "Biyu, Inna. Fara naɗe hannun riga."

"Ya isa haka, na yarda," in ji ta. "Ƙarami, ya isa."

"Uku kika ce."

Na ukun, zaren can ƙasa ya tsinke, dab da Baki. Ya bi shi.

Ihun da ya yi har titi an ji. Direba ya ruga yana jijjiga ƙofar gilashi, amma ƙofa ba ta da sauran iko, maɓalli na ɗaure. Uwar Zare ce ta fizgo almakashin wuyanta ta datse ƙullin zaren. Maɓalli ya saki, inji ya mutu. Ɗakin ya cika da ƙauri, farar takarda ta rine da jini.

Ta yage gefen mayafinta ta ɗaure masa hannu, ta rungume kansa a mota har asibiti, yana kiran "Inna, Inna" kamar lokacin da yake ɗan shekara biyar. Yatsu uku na dama ba su dawo ba. Motar otal ta zo ta koma wayam.

Bayan wata biyu Manaja ya dawo, ya rame. Ya tarar an mayar da tsohon zare, ƙofa a rufe. Aka kawo masa ruwan zafi da jakar shayi ɗaya. Ya kai hannun dama zai ɗaga 'yar takardar, ba abin kamawa. Ta zame ta faɗa cikin kofi.

Uwar Zare ta sa cokali ta ciro masa. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ce, "Inna, me ya sa kika ce uku?"

Ta ce, "Tayi na yi maka wanda na ɗauka ba mai hankalin da zai sallama. Jira nake ka ce albarka, ka kwance zaren, kowa ya koma aikinsa. Duk cinikin da na yi a duniya, shi kaɗai na ci na dawo gida ina kuka."

Ta juya ta koma gaban injinta. Auta na jera kwali da yatsunta goma, amma har yau uwar ba ta iya shan shayin jaka.

Darasi: Ka matse a ciniki yadda kake so, ba laifi ba ne, amma abin da aka sa don ya tsare jikin mutum ba a rage shi don sauri. Wanda ya daɗe a kan aiki in ya ce maka kar ka yi, saurare shi ko da bai iya rubuta sunansa ba. Kuma kada ka tura ɗan wani inda kai ma ba za ka fito lafiya ba. Ku tura wa duk wanda ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya karanta tun yatsun kowa na cike.