Ɗalibar da Ta Rufe Kyamara

A wani gari an yi wata malama mai ɗalibai talatin. Shekara da shekaru tana koyarwa a aji mai rufin kwano, inda yara ke matsuwa uku-uku a benci, suna aron fensir, suna raba gyaɗa in an tashi hutun ƙarfe tara. Daga bakin allo takan gane wanda bai karya ba, da wanda aka yi wa faɗa a gida.

Sai annoba ta zo, aka rufe makarantu, karatu ya koma ta waya.

Cikin ɗalibanta akwai Dinatu, wadda a dā kullum ita ke fara ɗaga hannu. Yanzu kuwa takan shiga darasi ta rufe kyamara. In an kira ta, shiru. Mako huɗu ba ta aiko da aiki ba. Malamar ta ce a ranta, "Yarinyar nan ta zama malalaciya." Ta rubuta takardar cire ta daga jarrabawa, ta tafi gidansu domin iyaye su sa hannu.

Ta iske Dinatu zaune a ƙofar wani ɗaki da aka kulle. Uwar yarinyar ta ce, "Ɗakin kakarta ne. Wata guda ke nan da muka binne ta."

Malamar ta ce, "Dinatu, me ya hana ki gaya mini?"

Ta amsa, "Malama, kullum ina jin muryarki. Amma da na buɗe baki sai kuka ya taso, ga kowa yana saurare. Da a aji ne, ai da kin dube ni kin gane."

Malamar ta mayar da takardar cikin jaka, ta zauna tare da ita har rana ta yi sanyi. Tun daga ranar, kafin darasi takan kira kowa da sunansa, ta tambayi lafiyar gida, ta jira amsa. Bayan mako biyu Dinatu ta buɗe kyamara, ta kuma rubuta jarrabawarta.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwana. Mu ne malamar. Mukan ga halin mutum mu yanke masa hukunci, alhali ba mu san abin da zuciyarsa ke ɗauke da shi ba. Ubangiji bai yi mana haka ba. Sa'ad da muka yi shiru muka ɓuya, ya zo har ƙofarmu. Duba bencin da kake zaune a yau. Wa ya daina zuwa sujada? Kafin ka kira shi mai taurin kai, je gidansa ka gaishe shi.