Kafar da Magina Suka Bari

Akwai wani mutum da mahaifinsa ya rasu ya bar masa ɗakin ajiya. Mahaifin magini ne, shi ya gina ɗakin da hannunsa, kuma a nan mutanen garin duka suke ajiye irin shukarsu har ruwa ya sauka. A bangon baya akwai shatin yatsun tsohon, ya bushe a jikin yaɓe. Idan kewa ta taso wa mutumin, sai ya zagaya ya ɗora tafinsa a kan shatin.

Tun rasuwar nan bai ƙara yarda da kowa ba. Ko gaishe shi aka yi da fara'a, sai ya ce a ransa, "Me wannan yake nema?"

Wata rana Baba Habila, abokin aikin mahaifinsa, ya zo yana dogara sanda.

Ya ce, "Ɗana, da ni aka yi ginin nan. Mun bar kafa a baya, ta nan muke miƙa ƙasa lokacin yaɓen ciki. Da muka gama, sai babanka ya toshe ta da tubali jere ɗaya, ya shafe. Haka muke yi ko'ina. To, ɓarayi sun gane, ta nan suka shiga ɗakin ajiyar garin gaba. Bari in fasa wurin, in cike shi da kauri."

"Wane wurin?"

Tsohon ya nuna da sanda, daidai kan shatin yatsun.

Mutumin ya haɗe rai. "Baba, duk shekarun nan kun yi shiru, sai yanzu da babu mai ƙaryata ku? Ko dai auna bangon kuka zo yi?"

"Kai, yaron nan! Da ƙafar nan zan yi sata? Ni da ko akuya ba na iya kora?"

Amma mutumin ya sallame shi. Ya ƙara kwado a ƙofar gaba, ya ɗaure kare, ya zauna yana karanta fuskar duk mai wucewa. Maƙwabta suka daina biyowa ta wurin.

Da ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, jama'a suka taru da ƙorai. Kwadon yana nan lafiya lau. Mutumin ya buɗe, sai ga haske yana shigowa ta baya. Babu ko damin gero. A ƙasa kuwa ga yaɓen nan a farfashe, yatsun mahaifinsa guntu-guntu.

Ma'anar wannan misali ita ce, ɗakin ajiyar nan zuciyarmu ce, irin shukar kuwa shi ne amanar da Ubangiji ya ba mu saboda wasu. Masu kula da manyan na'urorin kwamfuta na kamfanoni sun san haka: idan maƙeran na'ura suka ce akwai kafa, a toshe, to ɓarayi ma sun ji, kuma ba sa jira. Haka Mugun, wato Shaiɗan, yake. Ba ya dambe da kwadon da muke alfahari da shi, yana bi ta wurin da muka hana a taɓa saboda yana mana ciwo. 'Yan'uwa, idan Allah ya aiko mai faɗa maka rauninka, kada ka tsaya binciken fuskarsa, zagaya ka duba bangon. Mutumin nan ya ƙi a taɓa hannun mahaifinsa, ya rasa irin gari duka, hannun ma bai tsira ba.