Shuni a Rijiyar Masallaci

Akwai masu zama a inuwar soro suna yanka gari kamar waina, ba su taɓa taka lungu ɗaya da ƙafarsu ba. Sun san kansu, ba sai na kama suna ba. To, su saurara.

A zamanin da, wani birni ya cika ya batse. Warin jima yana shiga masallaci, tartsatsin maƙera yana cin danni. Sarki ya sa Waziri Mantau ya sake raba unguwanni, amma da sharaɗi: ba za a buga hatimi ba sai kowace ƙungiya ta faɗi bakinta a fada.

Waziri mutum ne mai ilimi, ya kuma san da haka. Ya zana birnin a fatar bijimi, ya kai majema fegin gabas inda ba kowa, ya rantse a gaban Sarki cewa in aka sami aibu a zanen, a kwance masa rawani. Mahauta suka zo suka yarda. Marina suka yi gunaguni, su ma suka yarda. Saura Nomau, Sarkin Makafi, wanda aka kira don cika sharaɗi kawai.

Da aka karanta masa zanen, sai ya tambaya wane fegi ake nufi. Aka gaya masa.

"Ranka ya daɗe, ƙarƙashin fegin nan ruwa ke tafiya," in ji shi. "Shekara arba'in ina ratsa shi. Da bazara ko'ina ƙasa na ƙona tafin ƙafa, ban da wata siririyar hanya mai sanyi, sanda kuma in ta bugi wurin amonta daban ne. Na bi ta har bakin rijiyar masallaci. A zuba ruwan jima a can, gari zai sha shi."

Waziri ya yi murmushi, ya ce ashe yanzu a tafin ƙafa ake karatu. Nomau ya ce, "Allah ya ba Waziri nasara, kai ma kana da biyu, takalmi ne ya rufe su."

Sarki ya ce a gwada. Nomau ya shiga gaba, fada duk tana biye, har ya tsaya ya dangwara sanda. Aka haƙa gaba biyu, sai ga damshi. Marina suka juye tulu talatin na shuni a ramin.

Kwana uku Waziri yana zuwa rijiyar da kansa, guga na fitowa garau. Ran na huɗu da hantsi ya ja, ya leƙa, sai ya ga ruwan ya yi shuɗi. Jama'a suka shiga salati ƙasa-ƙasa. Nan bakin rijiyar Waziri ya kwance rawaninsa da hannunsa, ya kai gaban Sarki.

Sarki ya mayar masa, ya ce takalmansa yake so. Wata guda Waziri yana bin Nomau ƙafa ba takalmi, unguwa unguwa, yana tambayar masu ɗiban ruwa da tsofaffin mata, kafin ya sake zane. Majema suka koma yamma, inda ruwa ke ficewa daga gari, rijiyoyi suka tsira.

Wanda ya ce fatar bijimi za ta ji sanyin nan da tafin Nomau ya ji, ya tashi ya faɗa, ina nan zaune.