Jibril Ya Ce Sai Ƙafarsa Ta Yi Ƙara

Akwai wani matashi a unguwar Yelwa, nan Garwa, sunansa Jibril, ɗan wani Alhaji mai sayar da atamfa. Ƙwallo kam ya iya ta, wannan ko ni da ba na yabon kowa sai kaina ba zan hana shi ba. Sai dai girman kai. In ka gaishe shi, sai ya duba takalminka kafin ya amsa.

Wani kulob a Duwala ya kira shi gwaji. Saura kwana tara ya tafi, ya shiga wasan unguwa don 'yan mata su gani. Ya yi tsalle, ya sauko a kan gefen ƙafa. Kafin a fitar da shi daga fili, idon sawunsa na dama ya kumbura kamar gwanda.

Abokansa suka ɗora shi a moto, wato babur, sai gidan Baba Shu'aibu maɗori, tsohon da ya shekara arba'in yana gyaran targaɗe da karaya.

To kun san halinmu a garin nan. In an ja maka ƙafa ba ta yi "ƙas" ba, gani kake ba a yi maka aiki ba.

Baba Shu'aibu ya zaunar da shi a tabarma, ya fara kama ƙafar hagu.

"Kai tsoho, ba ita ba ce! Makaho aka kawo ni wurinsa?"

"Na sani, ɗana. Sai na ga yadda Allah ya yi lafiyayyar, sannan in gane abin da ya sami 'yar'uwarta."

Ya koma ta dama. Ya ɗora babban yatsa a ƙwauri yana bin ƙashi a hankali, har ya iso bayan idon sawu ya danna. Jibril ya ƙwala ihun da ya watsa kajin gidan.

"Tashi ka yi mini taku huɗu."

Ko biyu bai yi ba ya zube.

Tsohon ya ce, "Wannan ba targaɗe ba ne, ƙashin ya tsage. Ba zan ja ba. Ku je asibiti a yi masa radiyo, a ga hoton ƙashin. In sun sa filasta, sati shida kada ta taɓa ƙasa."

"Sati shida? Kwana tara gare ni!"

"Ƙashi bai san da tikitinka ba, ɗana."

Nan Jibril ya haukace. Ya ce wa abokinsa Mahmudu, "Kunna waya ka ɗauki maɗorin da ke tsoron ƙafa. Faɗi gaskiya, tsoho, hannunka ne ya fara rawa!" Ya sa ƙafar hagu ya shure kaskon man kaɗanyar da tsohon ke aiki da shi. Baba Shu'aibu ya durƙusa yana kwashe man daga cikin yashi, su kuma suna ta dariya. Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin Garwa.

Daga nan suka wuce wurin Dimitri, wani mai tausa a gidan ɗaga ƙarfe, wanda ya yi suna wajen sa wuya da baya su yi ƙara. Shi bai tambayi yadda aka faɗi ba, bai lalubi komai ba.

"Ça c'est rien, champion, wannan ba komai ba ne. Minti biyu. Ku danne mini shi."

Mutum biyu suka danne Jibril. Dimitri ya naɗe dunduniyar da tawul, ya fizga, ya murɗa.

Ƙas!

Abokai suka ɗauki tafi. "Ka ji aiki!" Jibril ya yi amai ya sume, suka ce ai alamar ƙashi ya koma ke nan. Da ya farfaɗo Dimitri ya ce ya riƙa taka ta kada ta sandare.

Kwana uku yana takawa yana cije leɓe. Ƙafar ta yi baƙi, yatsun suka yi sanyi. Rana ta huɗu Alhaji ya sa aka ɗauke shi cak zuwa asibiti.

Likitar, Madam Henriette, ta ɗaga hoton ƙashin ta daɗe tana kallo.

"Wa ya ja maka ƙafar nan?"

Jibril ya kawar da kai, ita kuma ta nuna masa hoton.

"Da farko 'yar tsaga ce. Da haka ka zo mini, filasta kawai zan sa. Gwajin bana ya wuce ka, amma baɗi kana fili. Yanzu ƙashin ya rabu biyu, ya kuma yanki jijiya. Sai mun sa ƙarfe."

"Madam, ƙwallo fa?"

"Tafiya za ka yi in Allah ya so. Gudu kuwa, ka cire shi a ranka."

Ranar da motar Duwala ta tashi, yana kwance ana tsaga masa ƙafa. Gurbinsa aka ba wani Jules, wanda a kulob ɗin unguwa ma a benci yake zama.

Yau shekara biyu ke nan. Jibril na shagon babansa a babbar kasuwa yana auna atamfa. Duk azahar sai ya tsallaka titi zuwa masallaci yana jan ƙafa, su Mahmudu suna zaune a kan baburansu a inuwa. Ba sa ma jira ya yi nisa. Ɗayansu zai sauko ya bi bayansa yana kwaikwayon ɗingishin, sauran suna ƙyaƙyatawa. Yana jin su. Ba ya waiwayowa, don ya san ba wanda zai iya kamawa.

Darasi: Wanda ya san aikinsa har ya ce maka "ba zan taɓa ba", ya fi ƙaunarka a kan wanda zai yi maka abin da kake so a minti biyu. Kada ka wulaƙanta shi don ya faɗi abin da ba ka son ji. Ni da ban gama makaranta ba ma na gane wannan, balle ku masu takardu. Ku tura labarin nan ga duk mai taurin kan da kuka sani, tun ƙafarsa tana hannunsa.