Gangaren Mutum Ɗaya

A wani zamani mai nisa, a ƙasar Kwarin Marke, an yi wani sarki mai suna Dogara ɗan Barau jikan Nomau, sarki mai kwarjini, mai faɗa a ji, wanda duk da yawan dakarunsa da faɗin gonakinsa bai mallaki ko ɗigo ɗaya na ruwan da talakawansa ke sha ba. Kogin ƙasar daga Dutsen Farin Rawani yake gangarowa, wani dogon dutse mai azabar sanyi wanda dusar ƙanƙara ta lulluɓe fari fat rani da damina, kuma a ƙololuwarsa ne Zamhariru Sarkin Aljanun Sanyi ya kafa fadarsa. Alkawarin da ke tsakanin gidajen biyu tun kaka da kakanni shi ne, in sarki ya tsufa magajinsa ya taka da ƙafarsa ya je ya gai da Zamhariru, in ba haka ba a toshe bakin kogi. Da tsufa ya kama Dogara, ruwan kogi ya fara janyewa, sai tafiyar ta faɗa kan babban ɗansa Bagudu.

Bagudu yana da ƙane mai suna Korau. Mutanen Kwarin Marke kuwa suna da wata al'ada da suke taƙama da ita, kai ka ce su suka ƙirƙiro zumunci: ƙane ba ya barin yayansa ya yi tafiya shi kaɗai, inda yaya ya ɗaga ƙafa nan ƙane zai ajiye tasa, wanda kuma aka ga tazara tsakaninsa da yayansa a hanya zai sha zunɗe har ya mutu. Korau bai damu da kogi ba, balle sarauta. Abu ɗaya ne a ransa, ya dawo da Yaya gida da ransa.

A gindin dutsen suka tarar da Raɓa, wata tsohuwar aljana doguwa siririya mai fararen gira, shugabar ja-gororin hanyar, wadda ta raka kakansu da ubansu ta kuma dawo da su. Ta ɗaura wa kowannensu alluna biyu dogaye sirara a ƙafa, ta manna fatar akuya a ƙarƙashinsu don kada su zame baya a hawa, ta ce in an zo gangara a ɓare fatar, a bar allunan su sulale. Ta ba su sanda bibbiyu na dogarawa. 'Ya'yan sarkin da ko tabarmarsu ba su taɓa naɗewa ba suka yi ta faɗuwa tim-tim kamar masu koyon tatata, Raɓa na tsaye tana jira, ba dariya ba tausayi.

Haka suka yi ta tafiya daga bukka zuwa bukka, bukkokin dutse ƙanana ƙanana da aljanu suka gina a kan hanya, kowacce sai an yi sammako an isa gare ta kafin rana ta yi zafi ta sassauta ƙanƙara. A wata bukkar wuta na ci ba itace, a wata kuma bango ne ke amsa sallama. Suka ratsa wani birni na ƙanƙara zalla, mai hasumiyoyi shuɗɗa masu ɗaukar ido, inda aljanu ke tara hasken rana a cikin goruna don ranar duhu. Korau bai tsaya kallon ko ɗaya ba. Idonsa na kan dugadugan Bagudu, kuma duk bukkar da suka sauka shi ke kwance masa alluna, ya shafa masa man shanu a leɓɓansa da suka tsattsage.

Da safiyar da za su bar bukka ta ƙarshe, Raɓa ta tsayar da su a bakin ƙofa ta ce, "Ya ku 'ya'yan sarki, gabanmu Gangaren Mutum Ɗaya ne. Sabuwar ƙanƙara ta kwanta a kan tsohuwa ba ta kama ta ba, nauyin mutum guda kawai take ɗauka. Ni zan fara hayewa, Bagudu ya biyo. Kai kuma Korau, ka tsaya nan har sai na ɗaga maka sanda."

Korau ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, a ƙasarmu ƙane ba ya barin bayan yayansa. Me zan ce in an tambaye ni?"

Ta ce, "Ƙasarku tana can ƙasa, ɗan nan. Nan dutse ne, bai san al'adarku ba."

Bagudu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka ji abin da Iya ta ce. Ni ne yayan, na kuma ɗauke maka."

Korau ya ce, "To, Yaya."

Raɓa ta sulale ta haye, ta tsaya bayan wani baƙin dutse. Bagudu ya shiga, a hankali a hankali, har ya kai tsakiyar wannan farin fili mai faɗi mai shiru, inda ya zama ɗan ƙanƙani kamar ƙuda a cikin ƙwaryar nono. Can sai iska ta bugo shi ya gurfana a gwiwa ɗaya, ya waiwayo baya. Waiwaye ne kawai na wanda ya saba tun yarinta duk sa'ad da ya juya ya ga ƙanensa. Amma Korau ya ga Yaya a durƙushe, shi kaɗai, ba kowa a bayansa, sai kunya da ƙauna suka rufe masa ido, ya soka sandunansa ya bi sawu. Raɓa ta ƙwala ihu, bai ji ba. Ya isa har ya miƙa hannu, sai ƙasa ta yi wata ƙara a ƙarƙashinsu kamar an fasa tulu, gangaren ya tsage daga sama, ya zaftare gaba ɗaya.

Ƙanƙarar ta yi jifa da Korau gefe, ta tafi da Bagudu. Korau da Raɓa suka yi ta tono har farcen Korau ya ɓaɓɓalle, da suka kai ga Bagudu kuwa rai ya riga ya yi halinsa. Raɓa ba ta zagi Korau ba, da ma zagin ta yi da ya fi sauƙi. Ta taya shi suka yi wa mamacin sutura a gefen bukka, sannan ta ce, "Tashi, kogi na jira."

A fadar Zamhariru, mai ginshiƙai dogaye farare da fadawa masu numfashin hazo, Korau ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ka riƙe kogin, ka ba ni yayana."

Zamhariru ya ce, "Ya kai ɗan Dogara, ruwa ne a hannunmu, rai ba ya hannunmu. Magaji muke jira, kai ne kuma ka iso." Ya yi umarni aka buɗe bakin kogi, aka naɗa wa Korau rawani, Raɓa ta sauko da shi ta wata hanya.

Ruwa ya riga shi isa gida. Ya tarar da gonaki kore shar, mutane sun fito ana ta guɗa, Sarki Dogara ya share hawayensa ya ɗora shi a kan karaga a gaban jama'a, aka yi addu'a Allah ya jiƙan wanda ya tafi, ya riƙa wa wanda ya dawo. Da taro ya watse, mahaifiyarsu Tabawa ta aika aka kira shi ɗakinta. Ta rame, idanunta sun ƙanƙance don kuka.

Ta ce, "Korau, ba zan tambaye ka yadda aka yi ba, abin da Allah ya rubuta ya rubuta. Abu ɗaya nake so in ji. Ka bar shi shi kaɗai?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban bar shi ba, Inna. Ina bayansa."

Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi, yanzu hankalina ya kwanta. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu bin bayanka kamar yadda ka bi nasa."

Ta yi ta sa masa albarka har muryarta ta dishe, shi kuwa sabon sarki yana durƙushe a gabanta yana cewa amin.