Kwantenar da Ba Ta Ga Shirwa Ba

Yau ba ni da ɗan tsako ko ɗaya a bayana. Ni ce Kaza, ban yi karatu mai zurfi ba, amma zan rubuta muku abin da ya faru, yara.

An yi wani lokaci shirwa ta addabi gidanmu. Sai tsuntsayen gari suka haɗu suka rubuta manhajar da za ta hango ta da kyamara, ta kaɗa ƙararrawa. Rubutun manhajar a buɗe yake, kowa yana iya karantawa ya ƙara nasa. Maigidana Zakara ya fi kowa iyawa, ya kuma fi kowa girman kai.

Aka ɗora wa Agwagwa, mai yawan tsoron faɗa, aikin haɗa manhajar cikin kwantena, wato ƙunshi guda mai ɗauke da duk abin da take buƙata don ta yi aiki a kowace kwamfuta. Duk lokacin da ta gwada, sai haɗin ya tsaya, jan rubutu ya cika allo.

Ta ce, "Malam Zakara, jan rubutun ya ce akwai fayil ɗin da babu, mai hotunan da manhajar ke gane shirwa da su."

Ya ce, "A kwamfutata lafiya lau take tafiya."

"To kwamfutarka ce za ta yi gadin akurki? Ka sa fayil ɗin inda kowa zai samu."

"In sa gumina a kasuwa, gobe ki ce ke kika yi? Ke da ko tafiya ba ki iya ba!"

Na sa baki na ce, "Maigida, 'ya'yanka ne fa a tsakar gida."

"Ke kuma me kika sani ban da tonon shara?"

Ya juya wajen Agwagwa ya ce, "Goge layin da ke ƙorafin, ki sake haɗawa."

Ta goge. Haɗin ya kammala, allo ya yi kore. Zakara ya hau katanga ya yi cara, ya ce kowa ya fito kiwo.

Muka fito. Shirwa ta zo da hantsi. Kyamara tana kallonta, amma manhajar ba ta san ko mece ce ba. Ƙararrawa ba ta yi ko tari ba.

Shirwa ta kwashe mini 'ya'ya, ta dawo ta tsone wa Zakara ido ɗaya. Yana gudu ya ture kwamfutarsa cikin kwatami, fayil ɗin da yake rowarsa ya lalace tare da ita. Yanzu yana bin gida-gida yana roƙon hoton shirwa, ba mai amsa masa sallama. Ni ma ban amsa ba.

Darasin wannan labari shi ne, jan rubutu yana faɗa maka abin da ya ɓace ne, goge shi ba ya dawo da abin. Kuma aikin da aka yi don kowa, kada ka ɓoye rabinsa a ɗakinka.

Allah Ya raba mu da mai rufe bakin gargaɗi, Ya sanyaya zuciyar kowace uwa da ta rasa nata. Ku ce amin, yara.